Gurbin da Kakana Ya Bari a Shafin Batir

Duk lokacin da na buɗe sabon kwalin kaya daga ƙasar Sin, warin nan na roba da batir sai ya mayar da ni zauren gidanmu a Ƙofar Wambai. Ba na son tunawa, amma hanci ba ya neman izinin kowa.

Kakana, mahaifin babana, tocila da batir da agogon hannu da fanka da safar hannu yake sayarwa a Kasuwar Muda Lawal. Bai yi boko ba, ajami yake rubutawa. In kaya suka ƙare sai ya kwaso kwalayen zuwa gida, matan gida su yi ta mita wai ya tara musu kyankyasai. Bayan la'asar, musamman da bazara in zafi ya koro kowa daga ɗaki, sai ya shimfiɗa buzu, ya jera kwalayen, ya ɗauko wani littafi mai baƙin bango yana kwafe rubutun Sinawa da ke jikinsu, zane bayan zane.

Kada ka ɗauka wani ne ya koya masa. Kwatance kawai yake yi. Ya lura akwai wani zane kamar taga mai gida huɗu da wutsiya a lanƙwashe, yana jikin kwalin tocila, yana na batir, yana na fanka. Me ya haɗa su in ba lantarki ba? Sai ya rubuta "wuta" a gefensa. Wani kuma mai layi uku da ƙugiya yana kan tocila da agogo da safar hannu, ya rubuta "hannu". A kwalin tocila kuwa ga su nan a jere: hannu, wuta. Ranar da ya gano wannan har cikin gida ya shigo nemana. Ya ce ashe mutanen nan irinmu ne, kalma biyu suke haɗawa su fitar da ta uku, kamar yadda muke cewa jirgin sama ko gidan waya.

Ni ce abokiyar karatunsa. Amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce me zan yi da miji marar haƙora. Kome na faɗa masa dariya yake yi, don al'ada ta ba ni wannan damar. Batir ne ya gagare mu. Zanen farko wuta ne, na biyun kuwa yana da ɗigo uku a gefe, ba mu same shi a kan wani kwali ba. Ya bar gurbinsa a fili, ya ce wata rana za mu cike shi tare.

Da na shiga sakandare na yi ƙawa 'yar GRA, wadda ake kawowa makaranta a mota. Ranar da ta fara zuwa gidanmu an yi ruwan farko, lungunmu ya caɓe, ni duk na tsargu da taɓon da ya ɓata mata takalmi. Muna shiga zaure Kaka ya washe baki, ya ce bari ya nuna wa baƙuwar amarya karatun Sinawa. Ya buɗe littafin yana bi da yatsa. Ta rufe baki tana dariya ƙasa-ƙasa. Ni kuwa ban dube shi ba, ita na duba, na ce:

"Rabu da shi, ruɗewar tsufa ce. Mutumin da ko ABCD bai sani ba."

Na sha faɗa masa abin da ya fi wannan a wasa. Amma wasan jika, da kakan kansa ake yinsa, ido cikin ido, a yi dariya tare. Wannan kuwa da baƙuwa na yi maganar, a kansa, kamar ba ya wurin. Bai yi fushi ba. Ya rufe littafin a hankali, ya ce, "Ku shiga ciki, ruwa zai dawo." Daga ranar kwalayen suka koma hannun mata ana hura wuta da su. Na gani, na kuma san dalili, amma girman kai ya hana ni buɗe baki. Ina ajin ƙarshe ya rasu.

Allah da ikonsa, sai ga shi na samu gurbin karatu a Sin, yanzu ma tafinta nake yi wa 'yan kasuwa masu odar kaya. A makon farko da fara karatun, malamarmu ta zana taga mai wutsiya a allo, ta ce lantarki. Ta zana layi uku da ƙugiya, ta ce hannu. Ta yi bayanin yadda mai karatu ke haɗa ma'ana biyu ya gane kalmar da bai taɓa gani ba. Sauran ɗalibai suna ta rubutu, ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai.

Bara baffana ya tsinci littafin a akwatin ƙarfe ya ba ni. Sai da ya zauna ya karanta mini, don ni mai digirin ban iya ajami ba. Akwai kurakurai, amma mafi yawa daidai ne. Yanzu yaran kasuwa waya suke haska wa kwali ta fassara musu nan take, babu mai zaman kwafe zane a kan buzu.

Shafin batir yana nan da gurbinsa. Na daɗe da sanin amsar: ɗigo ukun nan ruwa ne, zanen kuma tafki. Batir tafkin wuta ne. Da ya ji, da ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Baffa ya miƙo mini biro ya ce in cike, na ce ba yanzu ba. Duk Asabar nake zuwa wurinsa koyon ajami, don ba zan cike wannan gurbin da haruffan da na yi wa Kaka gori da su ba.