Jan Kwalin da Ya Kayar da Goggo

Ni manomi ne a Ruma kafin 'yan bindiga su hana mu shiga gona. Na dawo Batsari da Goggo, ƙanwar mahaifina da ta raine ni. Tana da hawan jini, tana shan wasu fararen ƙwayoyi masu arha da malamin asibiti ke ƙulla mata a leda, kuma sun karɓe ta.

A kasuwa na haɗu da wani dillalin magani, wanda har yau in na tuna fuskarsa sai zuciyata ta tafasa. Shi ya nuna mini cewa tsofaffinmu ba su san sunan magani ba, launin kwali suka sani. Sai mu tsinto jajayen kwalayen maganin hawan jini mai tsada, mu cika su da ƙwayoyin banza, mu sayar. A kasuwar Batsari da ta Safana nakan yi shela cewa na leda ba shi da ƙarfi, jan kwali shi ne na manya. Ban taɓa kai wa Goggo ba, ni a dole mai wayo.

Ashe shelata ta riga ni gida. Wata maƙwabciya ta ba Goggo labari, ta zubar da na leda, ta aika aka sayo mata jan kwalin da muke sayarwa. Bayan wata biyu ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta ya shanye. Da na zaro kwalin daga ƙarƙashin matashinta, ta dube ni da baki a karkace.

"Ai kai ka ce ya fi, ɗana."

Na kai kaina ga hukuma, na tona asirin dillalin. Shi ya sulale, ni na yi shekara biyu a gidan yari. Ina ciki Goggo ta rasu.

Na fito, na tuba, amma dillalin ban yafe masa ba. Duk ranar kasuwa ina tsayawa inda na yi ƙaryata, ina gaya wa tsofaffi cewa na asibiti mai arha da mai tsada na gaskiya magani ɗaya ne, kwali ne ya bambanta. Samari, kada yunwa ta sa ku taɓa maganin tsoho. Ƙaryar da kuka saki a kasuwa ta san hanyar gidanku.

Kwalin Goggo yana aljihuna, saura ƙwaya huɗu a ciki. Dillalin nan na ajiye wa su, sai ya haɗiye su a gabana, kuma ban daina cigiyarsa ba.