Ledar Ruwan da Ban Sha Ba

Har yau idan na ji ƙarar usur, ko na ɗan sanda ne a Titin Ibrahim Taiwo, sai in tsaya cak. In a Keke Napep nake, sai na damƙe ƙarfen gabana har mu wuce.

Yayata ta karanci ilimin wasanni da motsa jiki a jami'a. Ranar da ta kawo takardar shaidarta gida, Baba ya juya ta gaba da baya, ya ce, "To, shekara huɗu kenan ana koya miki guje-guje? Ai da kin faɗa mini, da na riƙa aikenki Rijiyar Lemo a ƙafa." Muka yi ta dariya har da ita. Ƙanin Umma yana da shago a Kantin Kwari, ya ce ta zo ta zauna masa. Yaya ta ce ita koci take son zama.

Bayan bautar ƙasa ta daɗe tana yawo da takardu kafin wata makarantar kuɗi a Sabon Gari ta ba ta gwaji. Mai makarantar 'yar ƙabilar Ibo ce, kowa Madam yake ce mata, Hausarta kuwa kamar a Fagge aka yanke mata cibiya. Ta ce Yaya ta kafa ƙungiyar ƙwallon hannu ta 'yan mata. Idan waɗanda za su zo duba aikin sun yaba, a ɗauke ta dindindin, a kuma tura ta kwas ɗin koci.

Filin makarantar ƙasa ce zalla. Gwangwanayen madara Yaya take cikawa da yashi ta jera su a matsayin alama. 'Yan makarantar ba su isa ba, sai ta bi gida-gida a unguwarmu tana roƙon iyaye, tana nuna musu dogon wando da ƙaramin hijabin da za mu riƙa sawa. Ni lokacin na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, ni ce ta farko da ta rubuta. A gida Yaya nake ce mata, a fili kuwa Koci, in na manta sai na zagaya fili sau biyu.

Tana da doka guda da ba ta ɗagawa. Babu mai taka fili sai ta shanye ledar fiya wata a gabanta, ta jefa ledar a bokiti. Mai azumi kuma benci ne nata, ta riƙe mana agogo. 'Yan matan Sabon Gari da ke cikin ƙungiyar har tsokanarmu suke yi: "Hajiya, yau ma hutu ne? Mu ma za mu fara azumin nan!"

Ranar da masu dubawa za su zo ta faɗo a ƙarshen Sha'aban, zafi ya riga ya kankama. Ni kuwa ina da ramuwar azumin bara da na yi ta jan ƙafa a kai, kwanakin da suka rage kafin watan azumi sun yi daidai da abin da ake bina. Duk mace ta san irin wannan ramuwar. Shiru ake yin ta, ko a gida ba a son Baba ya lura, domin faɗin ta tamkar faɗin dalilinta ne. Ko sahur ban yi ba don kada a ji motsina.

Maza biyu ne suka zo, ɗaya dattijo mai furfura, sa'an Baba. Suka tsaya dab da Yaya da takardu a hannu. Ta busa usur, muka yi layi, ta ɗaga murya kamar kullum: "Akwai mai azumi?"

Na dubi dattijon nan. Hannuna ya ƙi ɗaguwa. Aka miƙo mini leda, na ciji bakinta, na ɗan juya baya, na matse ruwan a ƙasa ta ƙarƙashin hijabina. Na jefa ledar a bokiti. Yaya ta gyaɗa mini kai.

Na tuna na ci ƙwallo biyu. Na tuna Yaya tana kiran, "Koma baya, koma baya!" Daga nan sai filin ya yi fari fat, kunnuwana suka toshe. An ce da na faɗi goshina ne ya bugi ƙarfen raga, jikina ya yi ta karkarwa, 'yan mata suka watse suna ihu. An ce Yaya ce ta saɓa ni a kafaɗa har bakin titi, ba takalmi a ƙafarta. A asibiti na farka da ƙarin ruwa a hannu da ɗinki a goshi, Umma tana tofa mini addu'a.

Kafin in dawo gida labari ya gama unguwa: ta sa 'ya'yan mutane gudu a rana har ƙanwarta ta kusa mutuwa. Iyayen da ta sha wahalar shawo kansu suka janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya.

Madam ta zo duba ni da ledar lemo. Ina kwance a ɗaki, ina jin su a tsakar gida. Ta ce, "Koci, 'yata, faɗa mini gaskiya. Yarinyar nan ta ɓoye wani abu ne? Rashin lafiya, ko azumi? In haka ne, in rubuta wa mutanen nan, ba laifinki ba ne, aikinki yana nan."

Kalma ɗaya ce daga bakina za ta gyara komai, Baba kuma yana zaune a wurin. Na ja zane na rufe fuskata.

Yaya ta ce, "Ba ta ɓoye komai ba, Madam. Ni ce ban lura ba."

Yanzu a Kwari take, a shagon Kawu, tana auna yadi. Gwangwanayen suna nan a bayan ɗakin girki, Umma ta shuka albasa a biyu daga ciki.

Sai bayan sallah na iya zuwa shagon. Na tsaya a gefen atamfofi, na ce, "Yaya, ran nan ban sha ruwan ba."

Ba ta ɗago daga almakashinta ba. Ta ce, "Na sani. Da na dawo ɗaukar takalmana na ga inda ƙasa ta jiƙe a wurin da kika tsaya."

Na ce, "To me ya sa ba ki faɗa wa Madam ba? Mu je yanzu, ni zan faɗa da bakina."

Ta ce an riga an ɗauki wani. Ta ninke yadin, ta daɗe tana gyara bakinsa. "Shekara huɗu ina karatu, ba wanda ya koya mini cewa ba a yi wa budurwa wannan tambayar a gaban maza. Amma ai ni mace ce, ya kamata in sani." Sai wata mata ta leƙo tana tambayar leshi, Yaya ta goge idonta da gefen mayafi, ta ce, "Sannu da zuwa Hajiya, wace kala?"