Gayyatar da ta riƙa komawa

Yayana shi ne shugaban ƙungiyarmu ta masu noman tumatir a gefen dam ɗin Watari. Kamfanin da ke ba mu iri da taki ya buɗe masa imel a wayarsa. Duk gayyatar taro ta nan take shigowa, shi kuma ya bi mu gida-gida yana faɗa.

Da ya rasu, babu wanda ya iya buɗe baki ya ce a naɗa wani. Matarsa tana takaba, wa zai yi maganar kujera? Kunya ta hana mu. Wayar tana hannunta, kuma filin da ya bar mata da yara yana cikin rabon iri na rani.

Ruwa ya ɗauke, aka yanke gero, shiru. Ni kuwa mutum ne mai zullumi. In na fito masallaci sai in tsaya a zaurensu in tambaya ko saƙo ya shigo.

"Tukuna, sarkin gajen haƙuri," take cewa daga ciki. "Da kai aka bar wa wayar nan, ai da ka cinye ta da kallo."

Ranar kasuwar Ɗanbatta na kasa daurewa, na shiga ofishin kamfanin. Na tarar da wani matashin ma'aikaci a gaban kwamfuta.

"Baba, ai mun gayyace ku har mun gaji. Mun ɗauka kun yi arziki kun bar mana noman."

Na ce ba mu ga komai ba. Ya daina dariya. Ya duba ko an yi kuskure a rubutun adireshin, ya sa na karanta sunan da kaina, daidai yake. Ya tura gwaji, nan take ya dawo da jan rubutu. Ya sake, ya dawo. Ina zaune ina tunanin ko mu muka danna wani abu muka ɓata. Daga nan ya kira mai kula da imel ɗinsu a Kano, ya buɗe murya ina ji.

"Wannan akwatin a rufe yake," in ji na Kano. "Mai shi ya rasu. Mutanenku da suka je ta'aziyya su suka sanar, muka rufe. Haka ƙa'ida take."

Ashe duk gayyatar da aka tura komawa take yi, tana taruwa a wani wuri da ba wanda ke buɗewa. An yi taron, an raba iri tun makon jiya, babu ko ƙwaya a sito.

Matashin ya sunkuyar da kai. "Allah ya jiƙansa, Baba. Wallahi ban haɗa abin ba."

Ban ga laifinsa ba. A mota na yi ta shirya yadda zan faɗa wa matar yayana, duk maganar da na shirya sai in ga ta yi nauyi. Da na isa zauren, sai kawai na faɗa yadda abin yake.

Sai ta ce, "To, Baffan yara, filin fa?"

Muka haɗa mata irin da muka sayo a kasuwa, taki kuwa ɗan abin da kowa ya iya tsakurowa. Tumatirin ya fito ƙanana. 'Yan sari suka ɗaga kwando ɗaya, suka ajiye, suka wuce gonar gaba.