Jirin da Muka Ɗora wa Ƙanƙara

Salamu alaikum, mutanen wannan shafi. Na daɗe ban ce uffan ba. An buga ƙwallo, an yi kokawa a gida, an buɗe sabuwar kakar rawar ƙanƙara, duk ban tofa ba. Wani har ya rubuto yana tambaya ko an kama ni. Ba a kama ni ba. Ciwo na yi.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Sale, mutumin Tasawa, aikin yaɓe nake yi a unguwar Gurda, nan Sabha ta Libiya. Yinina a kan sigala nake, wato katakon da muke hawa mu kai saman bango. In an tashi aiki sai in buɗe waya in kalli wasanni, in yi muku sharhi. Wanda ya fi shiga raina kun san shi: masu sa takalmi mai ƙarfe su yi rawa a kan ƙanƙara. Ni kuwa ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta firijin mai shago.

Da jiri abin ya fara. Ina sunkuyawa in ɗebo siminti, sai bango ya karkace.

Na faɗa wa Iliya, abokin aikina da muke ɗaki ɗaya. Ko ɗagowa bai yi ba.

"To mi kake jira? Kullum idonka na bisa mutane suna juyawa kamar katantanwa. Hajijiyar tasu ce ta kama ka."

Kowa a wurin aiki ya yarda, ni ma na yarda. Na daina kallo, na daina rubutu. Shirun da kuka ji ke nan.

Kunnena na hagu kuwa ya jima yana ciwo yana fitar da ruwa. Ban haɗa shi da jirin ba. Man zaitun nake ɗumamawa in ɗiga, in toshe da auduga, in sayi ƙwayar ciwon kai. Asibiti ban nufa ba, don takarduna ba su cika ba, kuma duk wanda ke nan ya san abin da hakan ke nufi a hanya.

Wata safiya na faɗo daga sigala. Allah ya sa a kan tarin yashi ne. Na tashi, na sake faɗuwa, na yi ta amai.

A nan tsoro ya kama ni. Mai yaɓen da ba ya iya hawa sama ya gama aiki a ƙasar nan. Na kira Hadiza, matata, ta ce, "Baban Nana, ka taho gida ko hannu rabbana ne." Na ce to, amma ban san da wane ido zan kalli yarana ba.

Mai ginin da muke wa aiki, wani dattijo ɗan Libiya, shi ya sa ni a motarsa ya kai ni wani asibitin kuɗi. Aka ɗebi jini, aka leƙa kunnen, aka yi hoton kai. Hoton kaɗai ya tafi da abin da na shirya aika wa gida, ragowar kuɗin kuwa 'yan ɗakinmu suka haɗa.

Likitan ya ce ciwon kunne ne ya ci ya shiga ciki, har inda ke riƙe wa mutum tsayuwa. Iliya ke fassara, don Larabcinsa ya fi nawa. Ya tambayi likita ko kallon ƙanƙara ne ya jawo. Likita ya ce a nuna masa. Ya kalli wata yarinya tana juyi a wayata, ya miƙo mini ita.

"Wannan ba ta yi maka komai ba. Auduga da jinkiri ne suka yi."

Aka wanke kunnen, aka yi ta allura safe da yamma. Ruwan ya tsaya, zazzaɓi ya sauka, jiri bai tafi ba. Sai na kwanta lamo, ko kai ba na son juyawa. Da na koma, likita ya yi faɗa. Ya ce kwanciyar ce ke riƙe jirin, sai na riƙa motsa kai da gangan kafin ƙwaƙwalwa ta saba.

"Su waɗannan da kake kallo, ka ɗauka ba da jiri suka fara ba?"

Haka na koma ɗan koyo. In kafa ido a kan ƙusa a bango, in juya kai hagu da dama. In tsaya da ƙafa ɗaya. In bi layin siminti a tsakar gida, ƙafa gaban ƙafa. Na sha faɗuwa, na sha amai, 'yan ɗaki suna ba ni maki kamar alƙalan gasa.

Sharhina na kakar bana ke nan, tunda kun jira shi: ana ta tafa wa masu tsalle, amma wanda ya gama juyi ya tsaya cak yana murmushi, shi ne gwanina. Yanzu na san abin da tsayuwar ta ci.

Makon jiya na hau sigala. Na yaɓe bangon har ƙarshe, na sauko da ƙafata. Iliya na ƙasa riƙe da katako. Ya ce, "Saukar ba ta yi kyau ba, amma ba ka faɗi ba."

Alhamdu lillahi. Na gode wa dattijon da ya kai ni, da likita, da 'yan ɗakinmu, da Hadiza, da ku da kuka yi cigiyata.

'Yan'uwa da ke nan, kunnen da ke fitar da ruwa ba na man zaitun ba ne. In jiri ya kama ka, sauko daga sama tukuna. In takardu ne damuwar, nemi wanda zai raka ka, kada ka zauna kamar yadda na zauna.

Kunnen hagu bai dawo ba, likita ya ce da wuya ya dawo. In kun gan ni a Gurda, ku yi mini sallama ta dama.

Abin sauraron da nake sawa a kunnen hagu ba shi da amfani gare ni yanzu. Iliya ke sa shi, muna kallo tare.