Ƙarar Adda a Gidan Rediyo

Jiya a kasuwar Jega wuƙar wani mahauci ta faɗi kan siminti, sai na tuna marigayi tsohon lauyan da ya koya mini aiki. Tare muke amsa tambayoyin shari'a a rediyo.

Wata Laraba wani manomin albasa ya bugo waya daga Danwarai yana haki. "Barista, maƙwabcina ya sari ƙanena kan iyakar gona, jini har ƙafata. Mun danne maƙwabcin, adda na hannuna. Mi doka tac ce?" A bayansa ana ta ihu, "Sare shi!"

Kafin in buɗe baki, tsohon ya fizge makirufo har hularsa ta faɗi.

"Ɗana, ba ni magana da mai ƙarfe a hannu." Maganarsa ke nan kullum. "Jefa ta kan dutse in ji ƙararta!"

Ina jin numfashin mutumin ta waya. Can sai ƙarfe ya bugi dutse, duk masu saurare suka ji.

"Madalla. Ɗauki ƙanenka ku tai asibiti, shari'a za ta jira ku."

Ya Allah, yadda tsohon ya raba bawan nan da adda, shi ma Ka raba shi da azabar kabari.