Ƙafar Tela a Kan Ganga

A bakin layinmu, tsakanin shagon mai aski da na mai gyaran fanka, akwai wani tela da kowa ke kira Sai-Gobe. Ba shi ya raɗa wa kansa sunan ba, amma bai taɓa musu ba. Shekara talatin da huɗu yana zaune a kan kujera ɗaya gaban wani baƙin keke mai feda, tef rataye a wuya, allura biyu soke a bakin aljihu. In ka je karɓar ɗinki zai tarbe ka da fara'a, ya tambayi yaranka ɗaya bayan ɗaya, ya zaƙulo yadinka daga ƙarƙashin tulin na wasu, ya kakkaɓe, ya nuna maka yana nan lafiya lau, sannan ya faɗa maka ranar da za ka dawo. Ɗinkinsa kuwa ba a kushe shi. Shi ya sa muke zaginsa muna komawa.

Shi ya ɗinka wa Autanmu kayan makaranta tun daga aji ɗaya, kullum da ƙarin inci biyu a hannu da ƙafa, wai yaro girma yake yi. Auta ya girma ɗin, ya shiga jami'a, wata rana ya shigo gida da saitin gangunan nan da ake kaɗawa a zaune, hannu da ƙafa duk suna aiki. Ya kafa su a ɗakin baya. Shekara shida unguwa tana sanin ƙarfe huɗu na yamma ta yi ba tare da an duba agogo ba. Ya rasu yana da shekara ashirin da huɗu, bayan jinyar kwana tara. Muka rufe ɗakin. Ni nakan shiga ranar Asabar in goge gangunan. Mahaifiyarsa ba ta ƙara taka ƙofar ba.

Bayan shekara biyu muka yanke shawarar komawa ƙaramin gida kusa da 'yarmu. Ɗaki biyu ne da falo, babu inda ganguna za su zauna. Na kira dillalin tsofaffin kaya. Ya zagaya su, ya ƙwanƙwasa nan da can, ya ce ba mai sayen su a haɗe, sai dai a rarraba. Babban faifan ƙarfen da ke cikin saitin ma ya san mai shayin da zai so shi ya yi tire. Maiɗakina tana tsaye a falo tana ji. Da ya fita ta ce ba za a rarraba su ba. Kyauta za ta bayar, amma ga wanda zai zauna ya kaɗa mata kiɗan da Auta yake fara yi kullum, na minti ɗaya cur, ita kuma ta saurara. In ba a samu ba kafin motar kaya ta zo, to dillali ya kwasa, kada a faɗa mata ranar. Saura mako uku.

Washegari sai ga Sai-Gobe a ƙofar gida da wandona a naɗe cikin jarida. Wata takwas ke nan da na kai masa yadin, har na manta launinsa. Tun da na ga ya kawo ɗinki har gida da ƙafarsa na san akwai magana. Ya zauna, ya sha ruwa, ya yi ta kewaye-kewaye a kan tsadar zare, sannan ya ce mai aski ne ya ba shi labari. Ya ce shekara shida yana ɗinki da kiɗan yaron nan a kunnensa, in ƙarfe huɗu ta yi kekensa ma ya fi tafiya. Tun da kiɗan ya tsaya, yamma ba ta yi masa daɗi.

Na tambaye shi ko ya taɓa riƙe sandar kiɗa. Ya ce a'a, amma ai abin ƙafa ne, shi kuwa a garin nan ba wanda ya kai shi taka feda.

"Malam, ƙafar nan da kake gani ita ta aurar da 'ya'ya biyar," in ji shi, yana nuna mini ita kamar wani zai ce ba tasa ba ce.

Ni ban iya kiɗa ba. Shekara talatin na yi ina koyar da lissafi, kuma abin da nake da shi kawai shi ne wani littafin rubutu da Auta ya bari, inda ya zana kiɗan farko da layuka da ɗigo. Ba shi da wuya a takarda. Ana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. Hannun dama yana bugun ƙaramin faifan ƙarfe sau biyu a kowane ƙirge. Ƙafar dama tana taka fedar babbar gangar ƙasa a ɗaya da uku. Hannun hagu yana bugun ƙaramar gangar da ke tsakanin gwiwoyi a biyu da huɗu. Na karanta masa sau biyu. Ya ce wannan ai bai kai saka aljihun ciki ba.

Ranar farko ya zo ƙarfe biyar saura, alhali huɗu muka yi da shi. Ya cire takalmi ya ajiye a gefe kamar yadda yake yi a shago. Ya ciro tef ya auna tsayin kujerar, ya ce ta fi tasa da inci uku, wanda ya yi ta bai san aiki ba. Da muka daidaita ta ya zauna, ya haɗa ƙafafunsa biyu a kan feda ɗaya, dama a gaba hagu a baya, ya sunkuyar da kai yana neman allura. Na raba masa ƙafafun. Na ce ɗaya.

Ban samu na ce biyu ba. Ƙafar ta ɗauka da kanta, dum-dum-dum-dum, ba hutu, kamar an ba shi labulen ɗakin taro ya ɗinke kafin rana ta faɗi. Hoton da ke jikin bango ya karkace. Na ɗaga hannu ya tsaya, shi kuma sai ya saki sanda, ya kai hannun dama gefe ya cafke babban faifan ƙarfe, don a nan wilin kekensa yake, kuma da shi yake tsayar da ɗinki. Ya dube ni yana murmushi, yana jiran yabo.

Na yi masa bayani cewa ƙafa sau biyu kawai take taka a ƙirge huɗu, tsakani kuma ta jira. Ya ce bai gane ba. Ƙafa ta jira me? Tun yana ɗan shekara goma sha huɗu maigidansa yake buga masa rula a gwiwa in ya tsaya a tsakiyar layi. A wurinsa ƙafar da ta taka ta tsaya ƙafar malalaci ce.

Mako na farko duk a kan wannan muka ƙare. Ni ina zaune a bakin taga da littafi da agogo ina ƙirge, shi yana zufa yana yi wa ƙafarsa faɗa kamar ɗan da ya gagara. Hannayensa ma suna da tasu al'adar. Sun saba tafiya tare suna tura yadi, saboda haka duk inda dama ta je hagu sai ta raka ta. Ga shi in ya iso huɗu sai ya rage gudu, ya ɗan karkata kafaɗa, don a ganinsa an zo kwana, dole a juya yadi kafin a kama sabon layi. Na ce masa kiɗa ba shi da kwana. Ya ce duk abin da ba shi da kwana ba ya zama riga.

A mako na biyu ƙafar ta fara jin magana, sai matsalar ta koma shago. Mai gyaran fanka ne ya fara tsare ni a hanya, ya ce in rufa wa unguwa asiri in sakar musu tela. Wai yanzu keken Sai-Gobe taka-tsaya yake yi, taka-tsaya, zare yana ta tsinkewa, kuma wani direba ya karɓi sabon wando, ya ɗaga ƙafa zai hau mota, wandon ya buɗe tun daga baya har gwiwa. Mai aski kuwa duk sanda tela ya wuce sai ya buga almakashi a jikin kwano ya ce a ba sarkin makaɗa hanya. Matar tela ma ta aiko a faɗa mini ba marfin tukunya ko ɗaya da ya rage mata ba lotsawa, kuma in da gangan muke yi, to Allah na gani.

Na faɗa masa duk wannan, na ce ko ya haƙura, kada garin neman gira a rasa ido. Ya murza sandar a tafin hannu. Ya ce direban nan dama ƙiba ya ƙara. Sannan ya ce:

"Malam, tire fa za a yi da shi. A ɗora masa kofin shayi."

Ban ƙara tayar da maganar ba.

Abin da ya gyara shi ba daga littafina ya fito ba. Wata rana ya zo da ƙyallen yadi da alli, ya shimfiɗa ƙyallen a kan ƙaramar gangar, ya zana ɗigo huɗu kamar ramukan maɓalli. Ya ce in daina ƙirga masa lamba, lamba tana sa shi tunanin awo. Maɓalli ake sakawa a nutse, huda ɗaya, a ja zare, huda ɗaya, a ja zare, ba a gudu. Ya soma yana faɗa a hankali, huda, ja, huda, ja, ƙafa a kan huda, hannun hagu a kan ja. A matsayina na malami na so in yi gardama. Sai na duba agogo na ga ya yi daƙiƙa ashirin ba kuskure, abin da ƙirgena bai taɓa samarwa ba. A lokacin ne na lura ƙarar wanke-wanke ta tsaya a kicin. Da ya kuskure ta ci gaba.

Daga nan muka yi ta hawa: ashirin da biyar, talatin, talatin da takwas. Ba mu taɓa wuce arba'in da biyar ba. Da zarar kiɗan ya yi masa daɗi sai ya manta maɓalli yake sakawa, ya ga doguwar hanya a gabansa, ƙafa ta kwasa.

Motar kaya ta zo ranar Lahadi da hantsi. Sai-Gobe ya riga ta isowa, abin da mai aski ya rantse bai taɓa gani ba, har ya rufe shago ya biyo shi don ya tabbatar. 'Yan dako uku suka kwashe falo da ɗakunan kwana, ya rage ɗakin baya kawai. Dillali yana waje zaune a kan babur ɗinsa yana jira. Maiɗakina ta sa aka ajiye mata kujera a baranda, bayanta ga bangon ɗakin, inda take zama tana tsintar shinkafa a da. Ta ce daga nan ta saba ji.

Tela ya cire takalmi, ya shimfiɗa ƙyallensa. 'Yan dakon suka cika ƙofa suna leƙe, ɗaya yana tambayar mai aski ko tsohon lafiyarsa ƙalau. Na ɗaga agogo na gyaɗa kai.

Ya fara da kyau. Faifan yana tafiya daidai, ƙafa tana faɗuwa inda ya kamata, leɓunansa suna motsi. A daƙiƙa ashirin wanda ya yi tambayar nan ya fara kaɗa kafaɗa. A talatin na ga tela ya yi murmushi, na san ya fara manta maɓalli. A talatin da biyar ƙafar ta fara gaba, hannaye suka bi ta da gudu, sandar hagu ta kuɓuce ta wuce ta kan mai aski, shi kuma ya kai hannu ya cafke faifan. 

Ya dube ni. Na ce arba'in da ɗaya. Da zan iya cewa sittin da na ce, amma ya san ni, ita ma ta san ni.

Ya tashi, ya ninke ƙyallensa gida huɗu ya sa a aljihu, ya tsinto sandar ya haɗa da 'yar'uwarta ya ajiye a kan ganga. Ya sa takalmi. Ya fita baranda ya ɗan rusuna, ya ce Hajiya ta yi haƙuri, bai cika ba, ƙafa ce ta ci amanarsa.

Ba ta ɗago ba. Ta tambaye shi kwana nawa ya yi yana koyo. Ya ce ashirin, ban da ranar da direba ya tsare shi.

"Shi Auta sai da ya shekara yana wannan gudun," ta ce. "Kullum a daidai wurin nan. Ina nan zaune ina jin sa yana jefar da sanda."

Ta kira babban cikin 'yan dakon, ta ce a kai gangunan shagon tela, duka, har kujerar, kuma a sallami mai babur.

Sai-Gobe ya buɗe baki zai yi godiya, ta ce ya bi su kada su buge masa fatar ganga a ƙofa. Ya bi su da sauri yana ba da umarni, shi a gaba rungume da faifan ƙarfe, mai aski a baya da sanduna yana tambayar inda za a sa wannan kaya a shagon da mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Tela ya ce bencin masu jiran ɗinki zai fitar, ai tsayuwa ma motsa jiki ce.

Na tsaya a ƙofar gida har suka sha kwana. Da na dawo na tarar da ita a cikin ɗakin baya, tsaye a tsakiya, tana kallon shatin da ƙafafun gangunan suka bari a kan leda. Ta tambaye ni ko na naɗe kofunan gilashi da jarida. Na ce na naɗe. Ta ce to a kira direban motar kaya, rana tana yi.