Kurtun da Aka Bari a Rana

Har yau in na ji ƙarar usur da tsakar rana, sai na ajiye alƙalamina, Kakana ya faɗo mini a rai.

Ɗan doka ne a Kazaure. Da aka haɗe 'yan dokar sarki da 'yan sanda, sai aka tura shi makarantar horo, da furfurarsa ya koma kurtu. Can ya koyi abu guda da tsufa bai kankare ba: wanda ya tsayar da kai, shi kaɗai ke sallamarka.

Da hankalinsa ya fara gushewa, yakan ji usur ɗin da ba mu ji. Sai ya fita tsakar gida ya ƙame, hannuwa a cinya. Ba mai iya zaunar da shi sai wani tsohon Saje da ya horar da su, wanda ke zaune bayan kasuwa. Sai Saje ya zo yana dogara sanda, ya daka tsawar sallama, Kaka ya sara masa, su zauna su ci goro.

Wata bazara aka kai Saje jinya Roni, gidan 'yarsa. Ran nan ƙasa na ƙona tafin ƙafa, Kaka ya ƙame ba takalmi. Mahaifina ya roƙe shi, ya ma gwada irin tsawar.

"Kai ne ka tsayar da ni?" in ji Kaka, bai ko dube shi ba.

Na riƙa masa faifai a ka har hannuna ya sage. Leɓen Kaka ya tsage, matan gida na ta salati. Ana kiran azahar sai ya juya ga ƙofar zaure, inda babu kowa, ya sara.

"Ka makara, Saje," ya ce, ya zauna ya nemi ruwa.

Bayan la'asar mai keke ya kawo labarin rasuwar Saje. Wajen ta'aziyya 'yarsa ta ce kalmar shahada ce ƙarshen maganarsa, amma kafin nan ya yi ta neman sandarsa, wai ya bar kurtu a rana.

Allah ne masani. Kaka bai ƙara ƙamewa ba.

Yanzu ɗana yana makarantar 'yan sanda, har da digiri ake fitowa. Ranar da zai tafi na rubuta masa addu'a da ajami, a ƙarƙashinta na ƙara layi ɗaya: duk wanda ka tsayar, kada ka manta da shi.